Tsayuwa a Kufai: Yadda Waƙa ke Siffanta So da Tuni

1.0 Gabatarwa

Duk shekarar da aka ba ɗalibai waƙar soyayya aka ce su feɗe ta, amsar da ta fi yawa a takardunsu kusan iri ɗaya ce. Za a ce jigon waƙar soyayya ne, mawaƙin ya yi amfani da kamantawa da siffantawa, waƙar ƴar ƙwar biyu ce, babban amsa-amonta kuwa harafi kaza ne. Babu ƙarya a ciki, sai dai ƙidaya ce kawai aka yi. Wanda aka tambaya yadda soro yake tsaye, ya ce akwai tubali da azara da makuba, bai amsa tambayar ba tukuna. Abin da ake nema daga mai nazari shi ne ya faɗi aikin da kowane adon harshe yake yi a wurin da mawaƙi ya ajiye shi, da kuma dalilin da ya sa aka zuba waƙar a wannan tsari.

Wannan takarda ta ɗauki batu guda ne. Mafi yawan manyan waƙoƙin so ba a gaban masoyi aka yi su ba, an yi su ne bayan ya tafi. Saboda haka mawaƙin yana da matsala ta sana'a, wato yadda zai nuna wa mai sauraro abin da babu shi a wurin. Adon harshe shi ke ba abin da ya ɓace jiki har a gan shi, zubi da tsarin waƙa kuma su ke sa mai sauraro ya riƙa komawa baya kamar yadda mai tuni yake komawa. Za mu bi wannan batu ta cikin ƙasidar Larabci, domin daga can rubutacciyar waƙarmu ta samo aruli da ƙafiya, har ma da kalmar baiti, kuma daga can waƙoƙin bege suka gaji salon buɗewarsu. Yana da kyau ɗalibi ya ajiye matanin waƙoƙin a gefensa yayin da yake karanta bayanin.

Kafin mu shiga, a lura da kalmominmu na Hausa. So da ƙauna suna iya kasancewa ko masoyi yana kusa ko yana nesa. Kewa da bege kuwa ba sa tashi sai da rashi, don ba a kewar wanda ake zaune da shi a tabarma ɗaya. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Waƙoƙin da za mu duba na wannan ɓangare na biyu ne.

2.0 Kufai

Imru'ul Ƙaisi ya rayu a ƙarni na 6, kafin zuwan Musulunci, kuma ƙasidarsa ce ake farawa da ita a jerin waƙoƙin nan da ake kira Mu'allaƙat, waɗanda wasu ke ƙirga su bakwai, wasu goma. Waƙar ba ta fara da fuskar budurwa ba. Ta fara da matafiyi da abokan tafiyarsa biyu sun iso wurin da dangin masoyiyarsa suka taɓa yada zango, sun tarar an tashi. Ya nemi a tsaya a yi kuka. Larabawa suna kiran irin wannan wuri aɗlal, mu kuma muna da kalmar da ta dace da shi sarai, wato kufai. Duk wanda ya taɓa ratsa daji ya ga inda makiyaya suka tashi ya san abin da ake gani: duwatsun murhu uku da suka yi baƙi, da toka, da busasshiyar kashin dabbobi, da ɗan ramin da aka zagaye tanti da shi don kada ruwan sama ya shiga. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne mawaƙan wancan zamani suke lissafawa.

Me ya sa mai ciwon so zai tsaya lissafin toka da duwatsu? Dalili shi ne ba za a iya zana rashi kai tsaye ba. Idan mawaƙi ya ce masoyiyarsa ba ta nan, labari kawai ya bayar. Idan ya nuna murhun da aka taɓa girki a kai, mai sauraro da kansa zai ga matar da ta tsuguna a wurin, sannan ya ga babu ita. Kufai alama ce mai fuska biyu, tana shaida cewa an zauna, tana kuma shaida cewa an tashi. Wannan shi ne alamtarwa a cikin nazarinmu, kuma a nan alamar ba daga nesa aka ɗauko ta ba, wani yanki ne na rayuwar da ta wuce ɗin.

Imru'ul Ƙaisi ya kuma jera sunayen wurare har da iyakokinsu, ya ambaci iskar kudu da ta arewa da ke kai da kawowa a kan sawun, ɗaya ta rufe, ɗaya ta tone. Ɗalibai sukan tsallake sunayen wuraren don suna ganin ba su da ma'ana. Kuskure ne. Tuni ba ya zuwa da so a dunƙule, yana zuwa da wuri takamaimai da rana takamaimai. Shi ya sa da waƙar ta ci gaba, sai ta koma jerin ranaku: ranar da ya yi a wani tafki da ake kira Daratu Juljul, da ranar da ya yanka wa ƴan mata taguwarsa, da ranar da ya kutsa ɗan ɗakin da ake ɗaura wa mata a bayan raƙumi. Ba a jera su bisa tsarin tarihi ba. Kowace tana jawo ƴar uwarta, yadda mutum ke tuna abu ɗaya ya ja shi zuwa wani.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan babi shi ne kamantawar da sauran mawaƙan Mu'allaƙat suka zaɓa wa kufai. Ɗarafa ya kamanta sauran sawun gidan da ragowar jarfa a bayan hannu. Zuhairu ɗan Abi Sulma, wanda ya ce ya dawo wurin ne bayan shekara 20 har da kyar ya gane shi, shi ma jarfa ya kawo, wadda aka maimaita zanenta a wuyan hannu. Labidu ya ƙara da wani abu: ruwan sama ya wanke ƙasa ya tono tsohon sawu, sai ya kamanta hakan da rubutun da alƙalami ya sake bi ya sabunta. A dubi inda kamancen ya haɗu. Jarfa da rubutu duka alamu ne da aka yi su da niyyar su daɗe, duka kuma suna dushewa. Jarfa a jikin mutum take, kuma da ciwo ake yin ta. Da mawaƙi ya ce kufai kamar jarfa ne, ya ɗauke sawun daga ƙasa ya mayar da shi kan fatar ɗan Adam, ba tare da ya ce uffan game da zuciyarsa ba. Rubutu kuwa abin karantawa ne, kuma Labidu ya tsaya yana tambayar duwatsun, ya kuma amsa wa kansa cewa kurame ne, ba sa bayani. Wasiƙa ce ta zo daga jiya, amma mai ita ya kasa karanta ta.

Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na waƙa da mawaƙa. A cewarsa mawaƙi yana farawa da kufai da ambaton so ne don ya karkato zukatan masu sauraro, tun da babu wanda so bai taɓa shi ba, in ya samu kunnuwansu sai ya shiga labarin wahalar tafiya, daga nan ya yabi wanda ya zo yabo. Bayanin yana da amfani, amma a ganina ya rage wa mabuɗin daraja, ya mai da shi kamar sallamar maroƙi. Da jan hankali ne kawai manufar, da siffanta kyawun mace ya wadatar. Zaɓen da aka yi na farawa da inda ba ta nan yana nuna cewa rashin ne ainihin abin da ake waƙewa. Ba kowa ne ma ya yarda da al'adar ba. Abu Nuwas, mawaƙin Bagadaza da ya rasu a farkon ƙarni na 9, ya sha yi wa masu kuka a kufai ba'a, shi ɗan birni ne da bai ga dalilin tsayawa tambayar duwatsu ba. Amma ba'ar tasa ba ta kashe salon ba.

3.0 Daga kamantawa zuwa siffantawa: misalin dare

Bari mu tuna bambancin da ke tsakanin matakan adon harshe da jimloli na yau da kullum. Idan aka ce kewarta kamar wuta take, an yi kamantawa, domin ga abin da ake kamantawa, ga wanda ake kamanta shi da shi, ga kuma kalmar kamar a tsakani. Idan aka ce kewarta wuta ce, an cire gadar, an shiga siffantawa. Idan kuwa aka ce kewarta ta cinye ni ƙurmus, ba a ma ambaci wuta ba, aikinta kawai aka ara aka ba kewa. Malaman balaga na Larabci suna kiran wannan mataki isti'ara, ma'anar kalmar kuwa neman aro. Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a ƙarni na 11, ya yi dogon nazari a kansa a littafinsa Asrarul Balaga. Yadda matakin yake ƙara nisa, haka aikin mai sauraro yake ƙaruwa, domin shi zai cike abin da aka ɓoye, abin da mutum ya cike da kansa kuwa ya fi zama masa a rai.

A tsakiyar ƙasidar Imru'ul Ƙaisi akwai ƴan baitoci a kan dare da suka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Da farko an kamanta daren da igiyar ruwan teku. Nan take kuma aka ara masa labule da yake saukewa a kan mawaƙin. Sannan aka ara masa jikin dabba mai nauyi, mai gadon baya da ƙirji da ƙugu, tana miƙa a hankali. Masu sharhi sun ce raƙumi ne, ko da yake ba a ambaci sunansa ba. Wannan shi muke kira dabbantarwa. (Mu Hausawa wannan tsalle daga teku zuwa raƙumi bai kamata ya ba mu mamaki ba, tun da mu ma raƙuman ruwa muke cewa, wasu kuma su ce taguwar ruwa.) Bayan haka mawaƙin ya juya ya yi wa daren magana kamar mutum, ya roƙe shi ya yaye, ya kuma yarda cewa safiyar ma ba za ta fi ba. A ƙarshe ya dubi taurari ya ga kamar an ɗaure su da igiyoyi a jikin dutse.

Tambayar da ɗalibi zai yi ita ce, mene ne ya haɗa ruwa da labule da raƙumi da igiya? Dukkansu suna maganar nauyi da rashin motsi. Abin da ake siffantawa a nan lokaci ne, yadda mai bege yake jin sa. Agogo bai san dogon dare ba, mai kewa ne ya san shi. Mawaƙin bai ce ya kasa barci don tunaninta ba, ya sa sararin sama gaba ɗaya ya tsaya cik. Wanda ya rubuta a takardar jarrabawa cewa akwai kamantawa biyu da siffantawa biyu a wannan wuri ya ƙirga daidai. Wanda ya ce hotunan huɗu duk sun taru ne don su hana lokaci tafiya, shi ne ya feɗe waƙar.

A kuma lura da yadda wanda ake yi wa magana yake sauyawa a cikin ƙasidar. Ana fara magana da abokan tafiya, a koma ga kai, a koma ga mace ana kiranta da suna kamar tana tsaye a wurin, a koma ga dare. Malaman balaga suna kiran irin wannan juyi iltifat, wato waiwaye. Wurin da aka daina cewa ita aka koma cewa ke yana da muhimmanci ƙwarai, domin a nan ne tuni ya yi ƙarfi har ya shafe tazarar da ke tsakanin jiya da yau.

4.0 Zubi da tsari

Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra da ya rasu wajen ƙarshen ƙarni na 8, shi ne ya tsara ilmin aruli, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Sunayen da aka ba sassan waƙa a wannan ilmi daga tantin Balarabe aka ɗauko su. Baiti ɗaki ne. Kowane rabi na baiti ana kiran sa misira'i, wato ganye ɗaya na ƙofa. Ƙananan gaɓoɓin da ake gina ƙafa da su kuwa ana kiran su sababi, wato igiya, da watadi, wato turke. Na daɗe ina karantar da waɗannan sunaye a matsayin kalmomin fannu kafin in lura da abin da ke cikinsu. Mawaƙin yana tsaye ne a inda aka tsinke igiyoyi, aka tuge turaku, aka naɗe ɗaki aka tafi da shi. Abin da yake yi da bakinsa shi ne kafa wani ɗakin da igiya da turke na sauti. Ba na cewa Halilu ya nufi haka, amma daidaituwar ta cancanci a tsaya a kanta.

Ƙasida tana tafiya da kari ɗaya da amsa-amo ɗaya daga farko har ƙarshe. Ta Imru'ul Ƙaisi tana kan karin Ɗawil, amsa-amonta harafin lam, baitocinta kuma sun kai kimanin 80. A baitin farko ana sa rabin farko ma ya ƙare da wannan sauti, don kunne ya kama shi tun daga ƙofa. Daga nan mai sauraro ya san inda kowane baiti zai sauka. Ma'ana tana iya yin nisa, ta je wurin doki, ta je wurin hadari da ambaliya, amma ƙarshen kowane baiti zai dawo kan sautin da aka fara kuka da shi. Ke nan mai sauraro yana aikin tuni da kunnensa ko da bai sani ba, yana riƙe da sautin da ya wuce, yana jiran dawowarsa. Amshi a waƙar baka ma irin wannan aiki yake yi, sai dai shi jimla ce sukutum take dawowa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a Nuniyyar Ibn Zaiduna. Wannan mawaƙi an haife shi a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus a 1003, ya rasu a Ishbiliya a 1071. Ya so Wallada, ƴar halifa Almustakfi, wadda ita ma mawaƙiya ce mai zauren adabi. Suka ɓata, wani waziri mai suna Ibn Abdus ya shiga tsakani, shi kuma Ibn Zaiduna ya faɗa rikicin siyasa har aka ɗaure shi. Bayan rabuwar ne ya aika mata da wannan ƙasida mai kimanin baiti 50 a kan karin Basiɗ. Kowane baiti yana ƙarewa da sautin ina mai dogayen wasula biyu, wanda dole murya ta ja shi kamar mai nishi. Gaɓar ƙarshe, wato na, a Larabci ita ce wakilin suna mu, kuma a baitoci da yawa aikin da take yi ke nan. Saboda haka waƙar da maganarta duka ita ce mun rabu, ƙarshen baitocinta yana ta nanata mu, mu, mu. Ma'ana tana raba su, amsa-amo yana haɗa su. Fassara ba ta iya ɗaukar wannan, ko ta Hausa ko ta Faransanci, shi ya sa nake matsa wa ɗalibai su saurari waƙa da harshenta ko da ba su jin kowace kalma.

Adon harshen Nuniyya ma a kan gaba-da-gaba aka gina shi, abin da ake kira ɗibaƙ, wato kawo abu da kishiyarsa. Kusanci ya zama nisa, ranakun yanzu sun yi baƙi alhali dararen da can farare ne, abin da ya saba sa su dariya ya koma sa su kuka. Har ya kira ta Aljannar da aka musanya masa da abincin ƴan wuta. Jiya da yau ne aka ajiye kafaɗa da kafaɗa a cikin baiti ɗaya, sau da yawa jiya a rabi ɗaya, yau a ɗaya rabin. Tsagar da ke tsakiyar baiti ta zama ita ce ranar rabuwa. Ibn Zaiduna ɗan birni ne, ba shi da zangon makiyaya, amma yana da nasa kufan. A wata ƙasidar ya tuna Wallada yana cikin lambunan Azzahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a 936, aka kuma wawashe shi a 1010. A can furanni masu raɓa ne suka zama idanun da ke taya shi kuka.

5.0 Daga so zuwa bege

A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridun Nijeriya a kan littattafan soyayya na Kano, kuma har yanzu akan sami ɗalibin da ke jin nauyin nazarin waƙar so, yana ganin baƙon abu ne da finafinan Indiya suka kawo. Irin wannan ɗalibi nakan tambaye shi ko ya san Burda. Yakan ce ya sani, wani ma ya haddace ta. Sai in ce ya koma ya karanta baitocinta na farko da idon mai nazari.

Tun a zamanin Annabi (SAW) aka haɗa mabuɗin so da yabonsa. Ka'abu, ɗan Zuhairun nan da muka ambata, ya zo Madina neman afuwa wajen shekarar 630, ya rera ƙasidar da ta fara da tafiyar wata mace mai suna Su'adu da halin da ta bar zuciyarsa a ciki, kafin ya iso ga yabo. Ruwayoyi sun ce an yafa masa mayafi, wato burda. Bayan ƙarni shida da ɗoriya, Busiri na ƙasar Masar, wanda ya rasu wajen ƙarshen ƙarni na 13, ya yi tasa ƙasidar mai kimanin baiti 160 a kan karin Basiɗ da amsa-amon mim. Ana ba da labarin cewa ya yi ta ne yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi mafarki an lulluɓe shi da mayafi, ya tashi ya warke.

Busiri ya ɗauki kayan aikin tsohon mabuɗi kusan duka: tunawa da maƙwabtan da aka rabu da su, da sunayen wurare, da iska mai busowa daga wajensu, da walƙiya cikin duhu, da hawaye gauraye da jini, da mai zargi da ke cewa a daina. Abubuwa biyu ya sauya. Na farko, bai ambaci sunan wata mace ba, wuraren da ya ambata kuwa, irin su Zu Salam da Idam, masu sharhi suna danganta su da ƙasar Hijaz, don haka mai sauraro yana jin inda aka dosa tun kafin a faɗa. Na biyu, ya fara da tambaya, yana tuhumar kansa kamar wani ne dabam yake tuhuma. Daga tuhuma sai siffantawar ta zama ta zauren shari'a: mai so yana musu, sai aka kawo shaidu adilai biyu, hawaye da rama, suka ba da shaida a kansa. Wannan hoto ya yi daidai da mutumin da ya yi aikin malanta a ofisoshin hukuma, kamar yadda Busiri ya yi. Ya kuma warware matsalar da muka fara da ita ta wata hanya. So ba a ganinsa, amma yana barin sawu, a nan kuma jikin mai son ne ya zama kufan da ake karantawa.

Ta wannan hanya salon ya iso ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya don sanin lugga, ana kuma rera Burda da Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, musamman a watan Mauludi. Ishiriniyar da aka saba rerawa ma da tahamisin Ibn Mahib take, wato wani mawaƙi na baya ya zo ya ɗora ɗango uku a gaban kowane ɗango biyu na asali, suka zama biyar. Tahamisi shi kansa wani nau'in tuni ne da tsari ke yi, domin sabuwar murya tana tafiya ne har ta sauka a kan tsohuwa a ƙarshen kowane baiti. Ba banza ba ne Hausawa suka kira waƙoƙin yabon Annabi waƙoƙin bege, suka kira masu yin su mabegiya ko sha'irai. Kalmar rashi suka zaɓa.

Misali na kusa shi ne Daliyyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Ya yi wannan ƙasida da Larabci yana da kimanin shekara 20, a kan karin Kamil. Ita ma da tambaya ta fara, ko zai sami hanyar zuwa Madina ya ziyarci kabarin Annabi. Hoton da ya biyo baya tsohon hoto ne: ayari ya tashi, an bar mawaƙi a baya yana zubar da hawaye. A waƙar Jahiliyya ayarin dangin budurwa ne, a nan kuwa na mahajjata ne. Amsa-amon ya wuce harafin dal kawai, domin baiti bayan baiti yana sauka ne a kan sunan Annabi. Abin da Ibn Zaiduna ya yi da wakilin suna, Shehu ya yi shi da sunan wanda ake bege ɗungurungum, har ya zama duk inda magana ta bi, wurin saukarta ɗaya ne, kamar mai jan carbi.

Akwai wani bambanci da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Imru'ul Ƙaisi yana kuka a wurin da ya taɓa zama, Ibn Zaiduna yana tuna dararen da ya taɓa gani. Shehu kuwa yana begen garin da bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Ya ari siffar tuni, da ayarinta da hawayenta da amsa-amonta mai komawa gida, ya ɗora ta a kan abin da ya sani ta hanyar karatu da ji kawai. Hausawa sun ce garin masoyi ba ya nisa, amma wannan garin ya yi masa nisa. Ya taɓa bin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin ya wuce zuwa Makka, shi kuma aka mai da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ya rasu a Sakkwato a 1817 bai je Madina ba.